Kan da Ya Kakkaɓe Kamar Kuka

Duk gidan da ke da iccen bedi a tsakar gida, a Tafashiya ne ko Kusada ko cikin garin Kankiya, matan gidan ba su da hutun tsintsiya. A share da safe, kafin la'asar ganye ya sake zuba. Rani da damina haka abin yake, amma ba wanda ya taɓa ganin bedi tsirara, domin wannan ganye na faɗuwa wancan na tohowa, kowanne da lokacinsa. Kukar da ke bakin gona kuwa halinta daban. Tana riƙe da ganyenta duk damina, hunturu na kamawa ta kakkaɓe shi kaf cikin 'yan makonni, ta tsaya da rassa fayau har bazara.

Kan ɗan Adam tsarin bedi gare shi. Akwai silin gashi wajen 100,000 a kan mutum, kowanne da saiwarsa a cikin fata. Kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saiwoyin nan suna bakin aiki, suna turo gashi dare da rana, kuma saiwa ɗaya takan yi shekara 2 zuwa 6 tana wannan aiki ba tsayawa. In wa'adinta ya cika sai ta tsuke cikin mako 2 ko 3, ta daina ciyar da silin, ta shiga hutu na kimanin wata 3. Duk tsawon hutun nan silin yana maƙale a raminsa, ana wanke shi ana kitse shi, alhali ya riga ya gama nasa. Sai sabo ya fara tasowa daga ƙasa sannan tsohon ya saki. Da yake saiwoyin ba tare suka fara ba, ba tare suke gamawa ba. Shi ya sa sili 50 zuwa 100 ke faɗuwa kullum daga kan mai cikakkiyar lafiya, kan kuma bai nuna an taɓa shi ba.

To amma akwai ranar da jiki kan gamu da abin da ya fi ƙarfin tanadinsa: zazzaɓi mai zafi, haihuwa, zubar jini, tiyata, yunwa, ko tashin hankalin da ke hana ci da barci. A nan sai ya yi dabarar kuka in ƙasa ta bushe. Ganye ruwa yake sha, icce kuwa so yake ya ga baɗi, sai ya janye daga ganyen ya tsare gangar jikinsa. Saiwar gashi na cikin sassan jiki masu ci da yawa, saboda ƙwayoyin halittarta ba sa daina ninkuwa, ga shi kuma rai bai rataya a kanta ba kamar yadda ya rataya a kan zuciya ko hanta. Sai a sallami dubban saiwoyi su tafi hutu a lokaci guda, tun wa'adinsu bai yi ba. Maimakon kashi 10 ko 15, sai a wayi gari kashi 30 ko fiye na kan suna hutawa tare. Tun da tare suka shiga, tare za su saki, kuma a nan ne mace za ta ga sili 300 ko fiye suna bin mataji a rana ɗaya, daga ko'ina a kan, gaba da ƙeya da gefe. Likitan fata Albert Kligman na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka shi ya raɗa wa abin suna a 1961, ya kira shi telojin efulubiyum. A nan za mu riƙa ce masa kakkaɓewar gashi.

Jinkirin abin ne ke ɓatar da mutane. Ruwa yakan ɗauke a wannan yanki a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, amma kuka ba ta zubar da ganye ran da aka yi ruwan ƙarshe. Tana nan kore shar har a gama yankan gero, sai can wajen Nuwamba da Disamba ta kakkaɓe. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗora laifin a kan iskar da ta kaɗa a daren jiya, manomi kuwa ya san tun ɗaukewar ruwa aka yanke hukuncin. Gashi ma tsakanin abin da ya jawo da ranar da zai fara zuba akwai wata 2 zuwa 3, wato tsawon hutun saiwa. Kafin nan zazzaɓin ya warke, an manta da shi, mai shi ya ci gaba da harkokinsa. In gashi ya fara zuba sai a duba abin da ya faru a makon nan: sabon sabulu, sabon man kitso, ruwan wata rijiya, hannun wata mata. An bar jaki ana dukan taiki.

A ɗauki kalandar Tafashiya a auna. Zazzaɓin cizon sauro yana kai ƙololuwarsa daga Agusta zuwa Oktoba, kuma Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da shi a duk duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa daga Yuli zuwa Oktoba na yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, manya sai dai gidan sauro da addu'a. A daidai wannan lokaci ne kuma rumbu ke ƙarewa kafin sabon hatsi ya shigo, ga aikin gona, ga taifot da gudawa da ruwan damina ke kawowa. Matar da ta kwanta mako guda jiki kamar wuta a watan Satumba, gashinta zai fara bin mataji a Disamba, daidai lokacin da kukar bayan gari ke tsirara. Kowa sai ya ce hunturu ne. Likitocin fata a ƙasashe da dama sun ga irin wannan jerin gwano bayan korona a 2020, wata 2 ko 3 bayan mutane sun tashi daga jinya, kamar yadda magabatansu suka rubuta bayan annobar mura ta 1918.

Hunturu yana da nasa laifin, sai dai wani ne daban. Yana busar da gashi har ya riƙa karyewa, musamman irin namu mai murɗe-murɗe, wanda kowace lanƙwasa a jikinsa wurin rauni ce. Rarrabe karyewa da kakkaɓewa ba ya buƙatar asibiti. Ranar tsifa a shimfiɗa farin ƙyalle, a zaro sili goma daga abin da mataji ya kwaso, a miƙar da su ɗaya-ɗaya a hasken rana. In silin cikakke ne, kuma a gindinsa akwai ɗan farin kai ƙanƙani mai tauri wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani, wannan ya gama hutunsa ne ya fito da kansa. In kuwa guntaye ne, tsayi daban-daban, ba farin kai, bakinsu a yage, to karyewa ce, saiwa ba ruwanta. Sannan a yi lissafi kafin a tsorata. Kitson da ya yi mako 2 ya tsare gashin kwana 14 bai bar shi ya faɗi ba, wato sili 700 zuwa 1,400 za su fito a zama ɗaya ko da lafiya lau ake. Abin dubawa shi ne ko dunƙulen yau ya ninka wanda aka saba gani bayan kitso mai irin wannan daɗewa, da ko tsagar kitso ta ƙara faɗi, da ko jelar da a da ke cika hannu yanzu ta koma rabi.

Inda abin ya fi yawa, ya kuma fi jawo magana, shi ne wajen masu jego. A 1993 wani likita a Jami'ar Mishigan, John Headington, ya kasa kakkaɓewar gashi gida biyar bisa yadda agogon saiwa ke rikicewa. Wadda muka bayyana ta zazzaɓi, inda ake korar saiwa daga aiki tun lokacinta bai yi ba, ita ce ta farko. Ta mai jego kishiyarta ce: a nan riƙe saiwa ake yi a bakin aiki bayan lokacinta ya wuce. Sinadarin istirojin da ke hauhawa lokacin ciki yana hana saiwoyi tafiya hutu, shi ya sa kan mai ciki ke cika ya yi sheƙi har a riƙa ce mata cikin nan ya karɓe ta. Kamar shekarar da damina ta yi tsawo ce, kuka ta riƙe ganye fiye da yadda ta saba. Ana haihuwa sinadarin ya faɗi cikin 'yan kwanaki, duk saiwoyin da aka riƙe wata da watanni su tafi hutu rana ɗaya. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa sai zubar ta fara, ta fi tsanani a goshi da gefen kunnuwa.

Yanzu a ɗora wannan lissafi a kan al'adarmu. Yarinya ta yi haihuwar fari, ta je wankan gida. An yi suna, an yi arba'in, wataƙila an ƙara mata 'yan makonni ta murmure, sannan aka yi mata kitso da lalle aka mayar da ita ɗakinta da kai cike. Ba ta fi wata guda da komawa ba gashi ya fara zuba. Ta zauna gaban mai kitso, kai a kan cinya, ana warware kalaba da kibiya, kowace jela aka taje sai mataji ya fito da dunƙule. Mai kitso ta tara a gefen tabarma, ta duba, ta sake dubawa.

"'Yar nan, wa ya taɓa miki kai bayan ni?"

"Ba kowa, Inna. Ai ke kika yi na arba'in."

"To ni dai hannuna bai taɓa cin gashin kowa ba. Ki dai riƙa lura da inda kike zubar da gashinki."

Magana ta ƙare a nan, amma an riga an shuka abin da aka shuka. Kowace mace a ƙasar Hausa ta tashi da sanin ba a barin gashi a fili: a tusa shi a ramin katanga, a binne, ko a jefa a masai, kada ya faɗa hannun da zai kai shi inda bai kamata ba. In gidan akwai abokiyar zama, ba sai an ambaci suna ba. Uwar miji ta ce ruwan wanka ne ya yi zafi da yawa, uwar yarinya ta ce a gidanta lafiya lau ta bar ta, wata gwaggo ta ce yaron ne ke tsotse ta. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar kakkaɓewar gashi a wurinmu, ta fi ta gashin kansa. Gashin zai dawo, yawanci kafin yaro ya shekara, amma zargin da ya shiga tsakanin mata biyu masu girki a murhu ɗaya yakan daɗe bai fita ba. Alhali da a Landan ko Jidda yarinyar ta haihu, ba wankan jego ba kishiya, a wannan watan dai gashin zai zuba. Shayarwa ma ba ita ke jawo shi ba, kada a yaye yaro a banza.

Wankan jego, in za a tuhume shi, ba a kan gashi ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka nuna yatsa ga yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Wannan shari'a ce mai zaman kanta. Abin da ya shafi gashi a jego, bayan faɗuwar sinadari, jini ne: nawa aka zubar wajen haihuwa, nawa aka mayar. Akwai kuma alamun da ba a jira da su. Matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara suka zube, ga kasala ba iyaka, wannan ta wuce kakkaɓewar gashi, wani ƙullutu ne a gindin ƙwaƙwalwa ya samu rauni, sai likita. Haka wadda zubar gashinta ta zo da bugun zuciya da rama da rawar hannu, ko da kumburi da jin sanyi da nauyin jiki, a duba mata tayirod, ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo.

Mai takaba ma lissafinta ɗaya ne. Rasuwa ta girgiza ta, ta yi makonni abinci ba ya wuce mata, barci sai ɓarawo. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, zubar gashin kuwa tana kama ta a wata na uku, tana tsakiyar zama. In ta fita aka ga kan ya yi sharaf sai a ce rashin gyara ne. Matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa, da iyayen ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamban 2020, sun ga irin tashin hankalin da littattafan likitoci ke nufi in sun ce firgici na iya jawo wannan zuba. Ɓacin ran yau da gobe, na cefane da surutun yara, bai cika kaiwa nan ba.

Duk waɗannan masu wucewa ne. Kakkaɓewa ta farat ɗaya takan lafa cikin wata 3 zuwa 6 in abin da ya jawo ta ya kau, kuma a kusan kashi ɗaya bisa uku na masu ita ba a ma gano dalilin. A nan ne kan mutum ya fi kuka sa'a. Kuka takan yi watanni ba ganye ko ɗaya, kai kuwa da wuya ya rasa fiye da rabin gashinsa ta wannan hanya, kuma silin da ya faɗi sabo ne ya turo shi. Ranar da zubar ta fi tayar da hankali, a ranar toho ya riga ya fara.

Wadda ta fi damuna ita ce wadda ba ta lafawa. In zuba ta haura wata 6, yawanci akwai abin da ke ci gaba da cin jikin, kuma a ƙasarmu wanda za a fara nema shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, abin da asibiti ke ce wa jini ya yi ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, kuma a binciken nan Jihar Katsina ce kan gaba wajen yawan haihuwa, da matsakaicin 7.3 ga kowace mace. Kowane ciki yana ɗibar ƙarfe daga jikin uwa, kowace haihuwa da jininta, al'ada da nata, zazzaɓi yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya suna tsiyayar da shi a ɓoye. Kan da ke buƙatar shekara guda ya cike giɓinsa, kafin ya gama wani ciki ya shiga. Kukar da fari ya bi shekara uku a jere tana toho, amma ganyen bai kai na da ba. Yawancin matan da ke cewa haihuwa ta cinye musu gashi gaskiya suke faɗa, sai dai abin da aka cinye ana iya mayar da shi. Jar ƙwayar nan da ake bayarwa wajen awo, wadda da yawa ke jefawa bayan gado saboda tana tayar da zuciya ko ta baƙanta bayan gida, ita ce maganin, kuma bayan haihuwa ma ana buƙatarta. Hanta, nama ko yaya yake, wake, zogale, alayyafo da ita kanta miyar kuka suna taimakawa. Tsamiya, lemo, gwaba da garin 'ya'yan kuka suna sa hanji ya fi karɓar ƙarfen, shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana hana shi.

A wajen yara abin ya fi gashi nauyi. Yaron da ya tashi daga ƙyanda zai iya kakkaɓewa ya mayar, ba komai. Amma wanda gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, ya miƙe, ana ja yana fita ba ya ko kuka, tamowa ce ke magana. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata 6 na farkon 2025 sakamakon rashin abinci mai gina jiki. Irin wannan kai ba mai yake nema ba. Jarirai kuwa kusan dukkansu suna zubar da gashin haihuwa a watannin farko, mu dai ba mu cika lura ba saboda wanzami ya riga ya kwashe shi ranar suna.

Sauran dalilan a taƙaice. Magunguna: wasu na hawan jini irin su furofanolol, na farfaɗiya irin su balfurowet da kabamazafin, na tsinka jini irin su wafarin da hefarin, da yawan bitamin A. Daina shan ƙwayar tazarar haihuwa yana yin abin da haihuwa ke yi, a ƙaramin sikeli. Kada dai wanda ke shan maganin farfaɗiya ko na hawan jini ya ajiye shi saboda gashi ba tare da ya koma wurin wanda ya rubuta masa ba. Akwai ramar gaggawa, irin ta masu shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook da TikTok. Akwai cututtuka masu daɗewa: tarin fuka, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ƙanjamau, tunjere. Ragowar kashi uku na Headington ba su cika zuwa gabanmu ba: saiwar da zangon aikinta gajere ne tun asali, gashi ba ya tsawo kuma kullum cikin zuba, saiwar da aka katse wa hutu, kamar yadda ke faruwa a makonnin farko na shafa maganin minoksidil, da wadda hutunta ya zarce sannan ta saki gaba ɗaya, irin saɓar gashin dabbobin ƙasashen sanyi. A 1996 David Whiting na Dalas ya bayyana wani nau'in da ke kama mata masu shekara 30 zuwa 60, galibi masu yalwar gashi tun farko, yana zuwa yana tafiya shekara da shekaru ba a ga dalili ba, amma ba ya kai su ga sanƙo.

Dole kuma a san abin da ba kakkaɓewa ba ne, domin a can jira asara ce. Makero a kan yaro, mai zagaye da ɓamɓaroki, naman gwari ne, kuma maganin sha yake so, shafawa kaɗai ba ta kashe shi. Fili sumul mai kamar kwabo da ya bayyana dare ɗaya cuta ce ta garkuwar jiki. Sanƙon gado a hankali yake tafiya, gashin tsakiyar kai yana sirancewa shekara bayan shekara, ko da yake zazzaɓi ko haihuwa kan tona shi da wuri. Maza da yawa ba sa ma sanin sun kakkaɓe, aski da hula sun rufa musu asiri, sai wanda zubar ta fallasa masa sanƙon da ke tafe. Gashin mai shan maganin kansa yakan zube cikin mako 2 ko 3, saboda an sare saiwar tana tsakiyar aiki. Sai kuma wanda muke yi wa kanmu. Dubi kukar da ake hawa kowace kaka ana datse rassanta don miya: ba hunturu ya taɓa ta ba, amma rassan sun zama dungu. Kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, ɗaurin da ke ja har fatar goshi ta yi ƙuraje, musamman a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa, suna cinye gaban kai, kuma in aka daɗe saiwar takan mutu murus. Binciken Nonhlanhla Khumalo a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 2007 ya samu wannan a kusan kashi ɗaya bisa uku na matan da aka duba. Duk zubar da ta zo da zafi, ƙaiƙayi mai tsanani, ruwa, ko fata mai sheƙi da ba a ganin ramukan gashi a cikinta, ta likitan fata ce tun da wuri.

Kasuwar maganin gashi kuwa a kan jinkirin nan take cin abinci. Gashin mace ya fara zuba a Disamba, ta jure har Fabrairu, ta sayi haɗin chebe ko man karkar ko wata kwalba mai hoton Ba'indiya, a Maris zubar ta tsaya don dama lokacin tsayawarta ya yi. Faɗuwa ta zo daidai da zama, mai kwalba ya samu shaida kyauta. Ba na raina man kaɗanya da man shanu da chebe, suna tausasa gashi su rage karyewa, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne a hunturu. Saiwar da ke hutu dai ba ta san an shafa su ba. Ƙwayar bayotin da ake sayarwa da tsada ba ta ƙara wa wanda bai rasa ta ba komai, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa tana iya rikita sakamakon gwajin jini, wanda na tayirod na cikin waɗanda abin ke shafa. Kuɗin kwalba ɗaya da an kai shi wurin mahauci ya fi.

Abin da ake buƙata daga ma'aikacin lafiya tambaya ce kafin allura: me ya same ki wata 3 da suka wuce? Kankiya na da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye waɗanda ke zama a ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, kuma da kowannensu zai fita da wannan tambaya a baki, da an rage yawon banza. Bayanta sai a duba cikin ido da tafin hannu, a yi gwajin yawan jini na PCV a babban asibiti irin na Kankiya. PCV na iya fitowa daidai alhali ajiyar ƙarfe ta ƙare, wannan sai gwajin feritin, wanda shi da na tayirod galibi sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Malam Aminu Kano. In ba a samu komai ba, kuma bai kai wata 6 ba, a koma gida a ci abinci a jira.

Jiran ne mai wuya, domin gashi irin namu bai cika kai santimita ɗaya a wata ba. Wata 3 ko 4 bayan zubar ta tsaya za a ga ƙananan gashi sun yi cirko-cirko a goshi da gefen kunne, sun ƙi kwanciya, sun ƙi shiga kitso. Kafin su kai tsawon yatsa sai an kusa shekara. Mai kitso mai son aikinta ya fita tsaf za ta so ta kamo su da ƙarfi ta cusa a jela ta farko, kuma a daidai nan ne mai jego da yawa ke juya zubar da za ta warke ta koma wadda ba ta warkewa. A ce mata ta bar su a waje, ta yi manyan kitso sakwa-sakwa, a sauya inda ake tsaga daga wannan kitso zuwa na gaba, ɗankwali ya rufe sauran.